Tambaya da amsa: Me yake sa wani titin ya cika da ciniki, wani kuma shaguna a rufe?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya ƙoƙari. Ni yaron shago ne a Ƙofar Wambai, takalma da jakunkunan mata muke sayarwa, yanzu Alhamdulillahi maigidana ya sallame ni da ɗan jari. To shago biyu aka nuna min. Ɗaya a wata sabuwar filaza ne a bakin babban titi ta wajen gari, babba ne ga tayil ga gilashi ga wajen fakin kuma kuɗinsa da sauƙi. Ɗayan ɗan ƙuƙut ne a cikin layinmu, ko mutum uku ba zai ɗauka ba, amma hayarsa ta ninka ta wancan sau uku. Abin da yake ɗaure min kai shi ne titin filazar nan mota ba ta yankewa dare da rana amma kusan rabin shagunan a rufe suke. Wai don Allah me yake sa titi ya yi albarkar kasuwa wani kuma ya mutu? Kuma wanne kake ganin zan kama?

Daga wani mai karatu, Ɗorayi

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a jarin, shi kuma maigidan naka Allah ya saka masa da alheri, don a wannan zamanin ba kowa ne yake sallamar yaro da abin hannu ba.

Ai ka ba kanka rabin amsar tun a cikin tambayar. Motocin da ka gani kana ƙirgawa wucewa suke yi, mai mota yana kan gudu yana tunanin ya kai Kwanar Dawaki ko Wudil kafin magariba, ko allon shagonka ba zai iya karantawa ba balle ya taka birki ya nemi wajen juyawa ya dawo don takalmi. Abin da yake raya titin kasuwa shi ne mutum mai tafiya a ƙasa, a hankali, wanda dama wata buƙata ce ta kawo shi wajen kuma da kuɗi a aljihunsa ko a wayarsa. In ka sami irin wannan mutumin da yawa, ko rumfar kwano ce za ta yi ciniki. Duk sauran bayanin da zan yi maka a kan yadda ake tara irin waɗannan mutanen ne, da kuma abin da yake korarsu.

Fara da duba garin nan namu na Kano. Kantin Kwari atamfa da shadda da leshi, Singa kayan masarufi, Dawanau hatsi, 'Yan Lemo kayan marmari, 'Yankaba kayan gwari, Ƙofar Ruwa kayan gini da kayan gyaran mota, Farm Centre da Beirut waya, Wapa canji. Mutum zai ce ai hauka ne ka je ka buɗe shagon atamfa a inda akwai masu atamfa dubbai, me zai hana ka tafi inda kai kaɗai ne? To ka tambayi kanka, matar da za ta haɗa lefen ƙaninta ina za ta? Kwari za ta, duk da cunkoso da zafi da turereniya, saboda ta san in ba ta sami zanen da take so a wannan shagon ba za ta samu a na gaba, kuma za ta taya a wuri huɗu kafin ta biya, ba wanda zai yi mata tsada ta kasa ganewa. Shagonka na wajen gari kuwa in ta zo ba ta sami lambar ƙafarta ba, kuɗin adaidaitanta ya tafi a banza, gobe ba za ta sake gwadawa ba. Shi ya sa maƙwabcinka mai irin kayanka, duk da kuna ja-in-ja a kan kwastoma, shi ne yake taya ka janyo ta daga Hotoro ko daga Maraɗi.

Kuma taruwar nan ba a wajen mai saye kaɗai take da amfani ba. Kai ka fi ni sani, in kwastoma ta nemi kalar da ba ka da ita ba cewa kake babu ba, cewa kake "zauna Hajiya ina zuwa" ka leƙa shagon kusa ka karɓo ku raba ribar. Ga 'yan dako, ga 'yan kayi-nayi masu kawo baƙi, ga mai POS a bakin layi, ga mai ɗinkin buhu da mai ɗaure kaya, ga motar da za ta yi lodi zuwa Katsina ko Damagaram, ga labarin farashi da yake zagaya layi kafin azahar in dala ta motsa a Wapa. Ga uwa uba bashi, babban dila zai ba ka kaya katan biyar ka sayar ka kawo saboda kullum yana ganinka kuma ya san maigidanka, ranar da ka koma bayan gari sai ya fara cewa a turo kuɗi tukuna. Wani masanin tattalin arziki na Ingila, Alfred Marshall, tun 1890 ya yi bayanin wannan, cewa masu sana'a ɗaya in suka taru a wuri guda sukan sami ƙwararrun ma'aikata da masu kawo musu kaya a kusa, kuma sirrin sana'ar yakan zama abin da kowa yake tsinta a wajen har yara. Mu nan Kano mun daɗe muna yi kafin a rubuta, layukan Kurmi kowanne da sana'arsa ne tun fil azal.

Tunda na ambaci Kurmi bari in ɗan tsaya a kanta, don ita ce babbar shaida cewa ciniki hanya yake bi. An kafa ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma ɗaruruwan shekaru ita ce cibiya saboda ayarin raƙuma da jakuna daga Agadas da Gat da Borno da Gwanja nan suke sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 sai aka kafa tasha a wajen ganuwa ta gabas, kamfanonin Turawa suka jera kantunansu a kusa da ita, harkar gyaɗa ta buɗe, Kwarori, wato Larabawan Siriya da Labanan, suka zauna ta wajen Fagge suna sayar da yadi, Sabon Gari ta tashi. A hankali nauyin kasuwancin ya gangaro can, don can kaya suke sauka, can babbar mota take iya shiga. Kurmi ba ta mutu ba har yau, amma manyan kuɗin sun koma inda hanya ta koma. Ka riƙe wannan, don yanzu ma abin da yake faruwa ke nan duk lokacin da aka tashi wata tasha ko aka canza hannun titi.

Sai dai fa ba kowane kaya ne yake son taro ba, nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Akwai kayan da mutum yake son ya zagaya ya gwada ya taya, irin atamfa, waya, gwal, takalmi, jaka, to waɗannan cikin 'yan'uwansu suke so. Akwai kayan yau da kullum, burodi, sabulu, ruwan leda, kati, maganin ciwon kai, ba wanda zai hau adaidaita don su, mafi kusa da gida ake nema, mai irin wannan shagon gara ma ya nisanci abokin hamayya ya shige cikin unguwa mai yawan gidaje. Akwai kuma wanda ake niyya takanas a je, kamar gidan abinci mai suna, wajen kujeru da gadaje, wajen sayar da motoci, asibitin kuɗi, su ne suke buƙatar fili da fakin kuma su ne za su iya rayuwa a irin filazar da ka gani. Dubi yadda Nasarawa GRA ta koma, gidajen zama sun zama wajen cin abinci da butik, saboda kwastomansu da mota yake zuwa kuma tun daga gida ya san inda za shi. Kayanka kai na rukunin farko ne, wannan kaɗai ya isa ya sa ka yi taka-tsantsan.

Abu na gaba, kowane titi mai ciniki in ka duba akwai wani abu babba da yake tara masa jama'a ba tare da 'yan shagon sun kashe ko sisi ba. Tasha ce, ko asibiti, ko makaranta, ko masallacin Juma'a, ko babban kanti. Dubi gaban asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala yadda kemis da masu abinci da masu filas da bokiti suka kewaye, dubi bakin Jami'ar Bayero da masu fotokwafi da kayan waya, dubi Unguwa Uku da 'Yankaba saboda tasha. Ado Bayero Mall da aka buɗe a Zoo Road a 2014 a kan wannan dabarar aka gina shi, a sa babban kanti a ciki ya janyo mutane su kuma ƙananan shaguna su tare su a hanya, shi ya sa da Shoprite, wadda ita ce babban kantin cikinsa, ta rufe reshenta na nan a farkon 2024 abin ya dami har waɗanda ba su taɓa sayen komai a cikinta ba, don kowa ya san ba ita kaɗai abin zai shafa ba. To ka je ka tsaya a gaban filazar taka ka tambayi kanka, in ban da shagunan nan me zai kawo mutum nan wajen? In amsar ita ce babu, to kai ne za ka zama mai janyo mutanen da kuɗin tallarka, kuma jarin sabon sallama ba zai ɗauki wannan ba.

Yanzu maganar shi kansa titin, wadda ita ce ta fi ci min rai a matsayina na wanda ya karanci tsara birane. Mu a nan in an ce an gyara titi nufinmu an faɗaɗa shi, an raba shi biyu, an sa kankare ko ƙarfe a tsakiya, an ɗora gadar sama. Wannan yana da kyau ga mai wucewa, ban musa ba, wanda ya san yadda Ƙofar Nasarawa da Dangi suke a da ya san an sami sauƙi. Amma ga mai shago lissafin daban ne. Titin da tsohuwa ko mai goyo ba za ta iya tsallakawa ba ya zama tituna biyu, kowane ɓangare ya rasa rabin kwastomominsa. Gadar sama kuma tana ɗauke mutane ta wuce da su ta saman kanka, dogayen irin ta kan Murtala Muhammad Way wanda ya hau ba ruwansa da abin da ake sayarwa a ƙasa sai ya sauka. Cunkoson da muke zagi, in bai yi yawan da zai hana zuwa ba, shi ne yake sa ido ya ga kaya. A wasu ƙasashen ma da gangan suke rage motoci a titin kasuwa, birnin Kofanhegan na Denmak ya hana mota shiga babban titin cinikinsa tun 1962, 'yan kasuwa suka yi ta ƙorafi da farko, yau yana cikin wuraren da suka fi tsadar haya a ƙasar. Ban ce a kwafo wannan a rufe titin Ibrahim Taiwo gobe ba, mu kayanmu na sari ne dole mota ta shiga ta yi lodi, amma a ware lokacin lodi da sassafe ko da dare a bar wa masu ƙafa rana, wannan ba gagara zai yi ba.

Kuma ka lura da inda adaidaita sahu take tsayawa. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013 ita ce ƙafar talaka a garin nan, musamman mata waɗanda su ne kwastomominka. Inda take sauke mutane nan ciniki yake, taku hamsin gaba inda 'yan KAROTA masu kula da zirga-zirgar ababen hawa ba sa bari a tsaya sai ka ga shago yana hamma. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya tashi, mace ba za ta yi hawa biyu ko uku don jaka ɗaya ba, wuri ɗaya take so ta sauka ta gama komai ta koma.

Akwai ƙananan abubuwa da dillali ba zai gaya maka ba. Wane hannu shagon yake? A titunan da suke fita gari irin Zariya Road, Katsina Road, Gwarzo Road, Haɗeja Road, da safe mutane sauri suke su shiga gari, da yamma ne suke saye a hanyar komawa gida, don haka hannun masu komawa ya fi. Ina shagon yake kallo? Wanda yake kallon yamma rana za ta dake shi daga azahar har la'asar sakaliya, a watan Afrilu da zafi yake haura digiri 40 ba mai tsayawa taya kaya a nan, kuma fatar jaka da takalmi tana ƙonewa a gilashi. Sama ne ko ƙasa? Kowace matattakala tana rage maka mutane. Me ke gefenka? Doguwar katanga, gidan mai, ko banki da yake rufewa da yamma, duk suna yanke tafiyar mai zagayawa, in ya ga ba shago a gaba sai ya juya. Shagunan da ka ce a rufe suke ma haka suke yi, rufaffen shago yana kashe na kusa da shi.

Amma kada ka ɗauka cikin kasuwar ba shi da nasa ciwon. Abin da yake kashe wurin da ya riga ya yi albarka yawanci haɗama ce. Wuri ya yi ciniki sai a tsaga shago ɗaya a yi uku, a sayar da hanyar wucewa, a dasa kwantena a wajen fakin, a yi gini a kan magudanar ruwa. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a damunar 2022 ta lalata kaya masu yawa, kuma 'yan kasuwar da kansu gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa suka ɗora wa laifi. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye dubban shaguna, kuma duk wanda ya san kasuwanninmu ya san in wuta ta tashi motar kashe gobara ba ta samun hanyar shiga, ga wayoyin lantarki a cakuɗe ga janareto da fetur a ƙofar kowane shago, yanzu kuma ga batiran sola da kowa yake haɗawa yadda ya ga dama. Su 'yan tebur ni ba na cikin masu cewa a kore su, suna ƙara wa wuri jama'a kuma da yawan manyan 'yan kasuwar yau daga tebur suka fara, amma a ja musu layi a bar hanya. Tsaro ma haka, wanda ya ga yadda baƙi suka ɗauke ƙafa bayan harin Boko Haram na Janairun 2012 ya san kasuwar Kano da baƙo take numfashi, haka da aka rufe iyakar Nijar a 2019 da kuma 2023.

Wani zai ce ai an mayar da 'yan magani Dangwauro a 2024 kuma can ma wajen gari ne. E, amma duba yadda aka yi, hukuma ce ta tashi masu sarin gaba ɗaya da ƙarfin doka, mai saye ba shi da zaɓi sai ya bi su. Wannan daban yake da mutum ɗaya ya gina shago arba'in a bakin titi ya zauna jiran Allah ya kawo 'yan haya.

To mu zo kan kuɗi, don hayar nan da ta ba ka tsoro a shekara kake kallonta, raba ta a kwana. Misali kawai zan ba ka, kai ka sa lambobinka na gaskiya. A ce filaza 600,000 ce a shekara, layinku 1,800,000, kuma kana buɗewa kwana 300. Filaza ta kama 2,000 a rana, layi 6,000. In ribarka a takalmi ɗaya 1,000 ce a kasuwa saboda gasa, sai ka sayar da shida ka biya hayar ranar. A filaza a ce kana cin 1,500, biyu sun isa. To tambayar ita ce, a layinku shago irin wannan nawa yake sayarwa a rana mara kyau, ba ta jajiberin sallah ba? Kai ka sani, shekaru kana ciki. A filazar kuma akwai tabbacin biyun nan kullum, har da damuna, har da bayan sallah lokacin da gari yake bushewa? Ka ƙara da kuɗin zuwa sari da dawowa, da kuɗin mai gadi da na wuta wanda a filaza mai rabin shaguna a rufe ku 'yan kaɗan ɗin ne za ku ɗauka.

Inda filazar za ta yi maka rana shi ne in dama cinikinka a waya yake, kana da mata masu yawa da suke kallon status ɗinka na WhatsApp ko Instagram suna turo kuɗi ana kai musu, to a nan shagon ya zama sito da wajen ɗaukar hoto, arha ta fi. Amma ba ka ce min kana da wannan ba.

Ni dai a ganina ka zauna a layinku, inda aka san fuskarka kuma kwastomomin maigidanka za su gan ka. Sai dai kada haya ta cinye jarin ka zauna a shago ba kaya, in an ce sai ka biya shekara biyu a dunƙule kuma hakan zai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin hannunka, nemi wanda za ku raba shagon ko ka fara da tebur a bakin layin. In kuma zuciyarka tana kan filazar, kafin ka ba da ko sisi je ka zauna a wajen ranar Talata da hantsi, da ranar Asabar da yamma, da rana guda bayan an yi ruwan sama, ka ƙirga masu wucewa a ƙasa da waɗanda suka fito da leda a hannu, ka sayi lemo a wajen mai shagon da ya fi daɗewa ka tambaye shi su waye suka tashi kuma me ya tashe su. Sannan ko wanne ka zaɓa ka nemi ganin takardun wurin da izinin gini na KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ka ga dai yadda aka rushe wa mutane shaguna a Filin Idi a 2023. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa shekara nawa ne kafin a ƙara haya da kuma wanda gyaran rufi da wuta yake kansa, kuɗin kuma ka tura ta banki zuwa asusun mai shagon da kansa, la'adar dillali daban.